Bindigar Farauta Mai Liba: Yadda Ake Zaɓar Harsashin da Ya Dace da Ita, da Yadda Ake Samo Shi

Tambayoyin da masu karatu ke ta turowa kan bindigar farauta mai liba kusan duk kansu ɗaya ne: bindiga ta zo hannu, to wane harsashi za a sa mata, kuma ina ake samunsa? Wani ya gaji tsohuwar Winchester, rubutun jikinta ya ƙi yin daidai da na kwalayen da ke shago. Wani yana shirin sayen Marlin ko Henry, ya rasa lambar harsashin da zai ɗauka. Wani kuma ya riga ya sayi harsashi mai tsini, yana tambaya ko zai iya jera shi a ciki. Ga yadda ake bin abin daki-daki.

Mai liba ita ce wadda ake tura zoben ƙarfen da ke bayan kunama, wato liba, ƙasa a dawo da shi sama, sai ta tofar da kwanson da aka harba, ta ɗora sabon harsashi. Don kada mu rikice a gaba: harsashi yana da kwanso, da alburushi a cikinsa, da ƙwayar da ke fita idan an harba, da ƴar hular wuta a tsakiyar gindinsa wadda allura ke buga. Bindigar kuma tana da bututun harbi, da gurbin da harsashi ke zama a farkonsa, sannan yawancinsu suna da bututun ajiya a ƙarƙashi inda harsasai ke jere.

Kayan da za ka tanada: takardun izininka, littafin da ya zo da bindigar, tocila, madubin ƙara girman rubutu, tsumma, sandar wanke bututu, harsasan gwaji marasa alburushi, abin toshe kunne, tabarau na kariya, takardun saiti, jakar yashi, da littafi da biro.

1. Fara da doka

Mallakar bindiga da sayen harsashi abu ne na lasisi a yawancin ƙasashe, kuma sau da yawa lasisin yana ɗauke da lambar harsashin da aka amince maka da adadin da za ka iya ajiyewa. Dokar farauta kuma daban take, ita ce ke faɗin harsashin da ya halatta a kan wace dabba. A Jamus, manyan dabbobi masu kofato sai da ƙwaya mai faɗin milimita 6.5 zuwa sama da ƙarfin bugu na aƙalla jul 2,000 (jul ma'aunin ƙarfi ne) a nisan mita 100, kuma yawancin harsasan .30-30 na gargajiya ba sa kaiwa nan. Jihar Kalifoniya a Amurka ta hana farauta da ƙwayar dalma tun Yulin 2019. Jihohi irin su Ohayo da Ayowa suna barin farautar barewa da harsashi mai miƙaƙƙen kwanso kamar .45-70 da .44 Magnum, shi ya sa waɗannan suka yi kasuwa a can. Nemi dokar wurinka ka karanta kafin ka kashe ko sisi.

Gargaɗi: harsashin da aka sayo ta bayan fage laifi ne, kuma ba ka san abin da aka ɗura a cikinsa ba. Mai lasisin sayarwa kaɗai za ka je wa.

2. Tabbatar babu komai a cikinta

Juya bakin bindiga inda ko ta tashi ba za ta yi ɓarna ba. Cire yatsa daga kunama. Buɗe liba har ƙarshe, ka leƙa gurbin da tocila, sannan ka leƙa bakin bututun ajiya har sai ka ga ɗan ƙarfen da sifirin ke turowa. Idan gindin harsashi ka gani a maimakonsa, akwai sauran aiki.

Bindigogin da ake ɗura wa harsashi ta ƴar ƙofar gefe, irin Winchester 94 da Marlin 336, ana zazzage su ne ta hanyar kaɗa liba har sai harsasan sun fito ɗaya bayan ɗaya. Kowane kaɗawa yana ɗana guduma, wato ƙarfen da ke bugun allura, don haka nan ne haɗarin yake. Idan taka tana da maɓallin kulle, danna shi tukuna. Irin na Henry da ake zare bututun ciki ta gaba, fara fitar da na gurbi, sannan ka zare bututun ba tare da hannunka ya gifta bakin bindiga ba.

Gargaɗi: harsashi kan maƙale a bututun ajiya idan akwai tsatsa ko lotsawa, sai ya sauko daga baya. Kaɗa liba sau biyu babu abin da ya fito ba hujja ba ce. Sai ido ya gani.

3. Karanta abin da aka buga a jikin bututu

Nan ne aikin gaba ɗaya yake. Lambar harsashin da bindiga ke ci a buge take a jikin bututun harbi, galibi kusa da gurbi, a sama ko a gefen hagu. Goge wurin da tsumma, haska tocila a karkace, sa madubi, ka kwafe abin da ka gani a littafinka harafi da harafi. Kada ka taƙaita. Wanda ya rubuta ".32" kawai bai rubuta komai ba, domin akwai .32-20, akwai .32-40, akwai .32 Winchester Special, kuma babu wanda ke maye gurbin wani.

Abin da ke rikita masu tsofaffin bindigogi shi ne harsashi ɗaya kan amsa suna biyu. Winchester ta fito da .30 WCF a 1895, daga baya sunan .30-30 ya rinjaya. Saboda haka idan ka ga ".30 WCF" a bututu, kwalin da aka rubuta ".30-30 Win" naka ne. Haka .44 WCF shi ne .44-40, .38 WCF shi ne .38-40, .32 WCF shi ne .32-20. Shi kuma .45-70 za ka gan shi da "Govt" a gaba, tunda na sojan Amurka ne tun 1873.

Sai kuma masu kama da juna a suna alhali ba su haɗa komai ba, waɗanda su ne ke jawo asara:

A Turai akan rubuta .30-30 da 7.62×51R. Wannan harafin R na nufin kwanso mai leɓe. Wanda babu R, wato 7.62×51, harsashin soja ne ɗan'uwan .308 Winchester. Ba na bindigarka ba ne.

.303 Savage na tsohuwar Savage 99 daban yake da .303 British.

.45 Colt na bindiga mai liba ba shi ne .45 ACP ba, kuma ba shi ne .45-70 ba. Faɗin ƙwayar .45 Colt inci .452 ne, na .45-70 kuwa .458.

.44-40 da .44 Magnum ba ƴan gida ɗaya ba ne.

.375 Winchester da ya fito a 1978 ya yi kama da tsohon .38-55 ƙwarai, har yana iya shiga gurbinsa, amma matsin wutarsa ya fi ƙarfin tsohuwar bindiga nesa ba kusa ba.

Wannan na ƙarshe ya nuna kuskuren da ya fi yawa, wato a ce ai ya shiga, liba ma ta rufu. Shiga ba dacewa ba ce. Harsashin .30-30 yana shiga gurbin .32 Winchester Special ya tashi, amma ƙwayarsa mai faɗin .308 ta yi wa bututun .321 ƙanƙanta, sai ta fita tana lilo ta tafi inda ta ga dama. Wannan ma da sauƙi. Wani haɗin kan fasa kwanso a fuskar mai harbi.

Musanyar da aka yarda da ita kaɗan ce. Bindigar .357 Magnum tana cin .38 Special, ta .44 Magnum tana cin .44 Special, amma ba a juya abin. Ko wannan ma duba littafin bindigarka, don gajeren harsashi kan sa wasu su sarƙe wajen ɗorawa, kuma yana barin zoben dauɗa a gurbi wanda sai an wanke kafin dogon ya shiga lafiya.

Gargaɗi: idan rubutun ya goge, ko akwai alamar an taɓa canza bututu ko faɗaɗa gurbi, kada ka yi kirdado. Kai wa maƙerin bindiga mai lasisi ya auna gurbin. Ladan aikinsa bai kai kuɗin kwali biyu ko uku na harsashin da ba daidai ba, balle a yi maganar ido.

4. Duba inda harsasai ke kwana

Ɗauko harsasan gwaji guda biyu ka kwantar a kan tebur, ɗaya a bayan ɗaya. Kalli inda hancin na baya ya taɓa: daidai tsakiyar gindin na gaba, a kan hular wuta. Haka suke jere a bututun ajiya, sifirin na danne su. Duk lokacin da ka harba, shurin bindiga yana gwara su da juna. Idan hancin nan tsini ne mai tauri, ya zama allura ke nan, kuma harsashi na iya tashi a cikin bututun da ba a yi shi don ɗaukar wuta ba, daidai inda hannunka na hagu yake riƙe.

Saboda haka bindiga mai bututun ajiya tana son ƙwaya mai shimfiɗaɗɗen hanci, ko mai kumburin hanci na dalma mai taushi, ko mai faffaɗan rami a hanci. A kwali za ka ga FN ko FP don shimfiɗaɗɗe, RN don mai kumburi, JHP don mai rami. Harsasan .30-30, .32 Special, .35 Remington, .444 Marlin da .45-70 na kamfani an yi su ne da sanin wannan, don haka da wuya ka yi kuskure a nan. Inda ake zamewa shi ne harsasan da asalinsu na ƙananan bindigogin hannu ne. Akwai .38 Special da .357 masu ƙwaya lulluɓe da ƙarfe gaba ɗaya, hanci siriri, da ake rubuta wa FMJ. Bar su. Ba su dace da bututun ajiya ba, kuma ba sa buɗewa a jikin dabba.

Togiya ɗaya ce: harsasan LEVERevolution na kamfanin Hornady, masu jan tsini na roba mai laushi wanda ke lanƙwashewa a maimakon ya bugi hula. An yi su ne musamman don wannan matsala, kuma suna ƙara wa .30-30 ɗan nisa. Sai dai ba kowane jan tsini ne mai laushi ba. Akwai ƙwayoyi da yawa masu tsinin roba mai tauri, waɗanda haɗarinsu ɗaya da na ƙarfe. Karanta kwali, kada ka bi launi. Kuma a wasu tsofaffin Marlin, tsinin harsashin da aka fara sawa kan maƙale a ɗan ƙarfen da sifirin ke turowa, sai an canza shi da sabon samfuri.

Idan bindigarka ba ta da bututun ajiya, wannan dokar ba ta hau kanka ba. Savage 99 tana ajiye harsasai a wani abu mai juyawa a cikinta, Winchester 1895 da 88, Browning BLR da Henry Long Ranger kuma a akwati suke jera su, ɗaya a kan ɗaya. Waɗannan suna cin mai tsini lafiya lau, shi ya sa ake samun BLR a .308, .243, .270 da .30-06.

Ƙananan masu cin .22 LR irin Marlin 39A su ma babu wannan fargaba, domin wutarsu a leɓen kwanso take. Amma .22 Magnum harsashi ne daban, bindigarsa daban.

5. Daidaita ƙarfin harsashi da shekarun bindiga

Suna ɗaya ba ya nufin ƙarfi ɗaya, kuma .45-70 ne babban misali. Ma'aunin hukumar SAAMI ta Amurka ya tsayar da matsinsa a 28,000 psi saboda tsofaffin bindigogi, kuma harsasan manyan kamfanoni suna zama a ƙarƙashin wannan. Amma akwai ƙananan kamfanoni irin Buffalo Bore da ke ɗura shi da zafi sosai don sababbin bindigogi kamar Marlin 1895 ta zamani, kuma suna rubuta sunayen bindigogin da aka yarda a jikin kwali. Idan sunan taka ba ya ciki, mayar da kwalin. Haka abin yake da .45 Colt mai alamar +P, wato mai ƙarin matsi: bai dace da Winchester 1873 ko kwafinta ba, don makullin cikinta ba mai ƙarfi ba ne.

A ɗaya gefen kuma akwai harsasan da ake rubuta wa "Cowboy". An rage musu ƙarfi don gasar harbin faranti. Suna da daɗin atisaye, suna tausaya wa tsohuwar bindiga, amma ba na harbin babbar dabba ba ne.

Gargaɗi: bindigar da aka ƙera a ƙarni na 19, zamanin baƙin alburushi, sai maƙeri ya duba ta kafin a sa mata kowane harsashi na yau. Nemi kwali mai alamar CIP, hukumar da ke tsara ma'aunin harsashi, idan na Turai ne, ko na kamfanin da ke bin ma'aunin SAAMI.

6. Zaɓi nauyin ƙwaya bisa dabba da nisa

Ana auna ƙwaya da giren, wanda ake rubutawa "gr" a kwali. Giren 150 ya kai kusan giram 9.7.

A .30-30 zaɓi biyu ne suka shahara. Mai giren 150 yana fita da gudun kusan ƙafa 2,390 a daƙiƙa, mai 170 kuma kusan 2,200. Na farko ya ɗan fi tafiya a miƙe, na biyu ya fi nutsewa. Ga barewa matsakaiciya a cikin kurmi, bambancin bai kai yadda ake cacar baki a kansa ba. Ɗauki wanda bindigarka ta fi tara shi wuri ɗaya. Idan ka yi saiti a yadi 100, ƙwayar za ta sauka kusan inci 7 zuwa 8 a yadi 200, don haka yadi 150 iyaka ce mai kyau ga mai amfani da saitin ƙarfe.

.35 Remington mai giren 200 ya fi .30-30 faɗin rami, kuma masu farautar aladen daji da baƙin beyar suna sonsa. Matsalarsa samu, za mu zo kanta.

.45-70 na manyan dabbobi ne a kusa. Mai giren 300 yana fita da kusan ƙafa 1,880, kuma ya wadatar ga barewa. Mai giren 405 na gargajiya yana tafiya a hankali, kusan ƙafa 1,330, yana nutsewa sosai, amma a yadi 200 ya sauka kusan ƙafa biyu. Shurin masu zafinsa ba wasa ba ne a bindiga mara nauyi, kuma maharbin da ke runtse ido kafin ya ja kunama babu harsashin da zai gyara shi.

.44 Magnum mai giren 240 da .357 Magnum mai giren 158 ko 180 suna samun ƙarin gudu a dogon bututu. Na farko ya isa barewa har yadi 100, na biyu gara a tsaya ƙasa da haka. Lura da abu ɗaya: ƙwaya mara nauyi mai rami, irin giren 110 ko 125 a .357, an yi ta ne don gudun ƙaramar bindiga. A doguwa sai ta tarwatse a saman nama ta bar dabba da rauni. Nemi mai taushin hanci, JSP, ko wadda aka rubuta ta farauta ce.

Inda aka hana dalma, akwai ƙwayoyin jan ƙarfe zalla da aka yi don bututun ajiya daga Barnes, Hornady da Federal. Sun fi tsada, kuma sukan sauka a wani wuri daban da na dalma, sai an sake saiti.

Masu tsohuwar Marlin za su ga "Micro-Groove" a bututu, wato tsagogin cikinta ƙanana ne masu yawa. Tana harba ƙwaya mai rigar jan ƙarfe da kyau. Da dalma tsirara kuwa tana da tsirfa, sai an dace da faɗi da tauri.

7. Nemo shi

Idan ba ka sayi bindigar ba tukuna, juya tsarin: fara zuwa wurin masu sayar da harsashi ka ga abin da ke kan kanta kullum, sannan ka zaɓi bindiga. A ganina wannan ya fi duk wata muhawara kan wace lamba ce ta fi kisa. Bindiga mai kyau da babu harsashinta sanda ce.

Harsasan sun kasu kashi uku wajen samu. Na farko su ne waɗanda kusan kowane babban kamfani ke yi duk shekara: .30-30, .45-70, .357 Magnum, .44 Magnum, .308 da .22 LR. Na biyu su ne waɗanda ake bugawa lokaci-lokaci, a yi ɗan yawa a dakata: .35 Remington, .32 Winchester Special, .300 Savage, .444 Marlin, .38-55, .44-40. Na uku su ne waɗanda sai an sha wuya: .307 da .356 Winchester, .375 Winchester, .303 Savage, .348 Winchester, .308 da .338 Marlin Express. Sababbi irin .360 Buckhammer na 2023 kuma sai ka duba ko sun iso kasuwar da kake saye kafin ka ɗaura wa kanka.

Ƙarancin da aka yi a 2020 da 2021 ya nuna yadda abin ke tafiya. Idan buƙata ta yi yawa, kamfanoni suna karkata injinansu ga abin da ya fi fita, sai ƴan kashi na biyu da na uku su ɓace watanni, har .30-30 ma ya yi wuya. Darasin aiki a nan shi ne lokacin saye. Kada ka jira sai an buɗe kakar farauta. Saya bayan an rufe ta, ko watanni kafin ta zo.

Hanyar da ta fi aiki ita ce ka je wa dillali mai lasisi da cikakken suna a rubuce: lamba, nauyin ƙwaya, siffar hanci, kamfani. Ka ce ya sa ka a layi idan babu. Ƙananan shaguna sukan riƙe tsofaffin kwalaye na lambobin da manya suka daina kawowa. Ƙungiyoyin maharba da filayen harbi masu rajista su ma sun san wanda ke da me. Inda doka ta yarda da saye ta intanet, akwai shafukan da ke nuna wanda ke da kaya a hannu, amma sau da yawa sai an aika wa dillali ka je ka karɓa da takardunka.

Kan kuɗi: lissafa farashin harsashi ɗaya, kada ka bi na kwali. Na manyan bindigogi 20 ne a kwali, su .357 da .44 kuma sukan zo 50, wani lokaci 20 ko 25 idan na farauta ne. A taƙaice .22 ya fi kowa araha, sai .357, sai .30-30 da .44, .45-70 na sama da su, masu wuyar samu kuma abin da mai kaya ya faɗa ke nan. Ƙara kuɗin aike da na lasisi a lissafin. Da farko sayi kwali ɗai-ɗai na iri biyu ko uku don gwaji. Sai ka ga wanda bindiga ta karɓa, sannan ka koma ka sayi mai yawa, gwargwadon abin da lasisinka ya yarda.

Gargaɗi: shafin intanet da ke da duk lambar da ta gagari kowa, a farashi mai rahusa, kuma ba ya karɓar kuɗi sai ta hanyar da ba a iya dawo da su, na ƴan damfara ne. Haka kuma kada ka sayi harsashin da wani ya sake ɗurawa a gida. Masu lambobi masu wuya da yawa suna ɗura nasu inda doka ta ba da dama, amma wannan sana'a ce mai littattafanta da ma'auninta, ana koyonta a hannun wanda ya iya. Ko ba za ka yi ba, riƙa tara kwansonka.

8. Duba kaya kafin ka bar shago

Buɗe littafinka ka gwada abu uku: rubutun bututu, rubutun kwali, da rubutun da ke zagaye a gindin kwanso. Dole su nuna harsashin da bindigarka ke ci. Buɗe kwalin, domin akan mayar da harsashi kwalin da ba nasa ba.

Ɗaga guda ɗaya ka juya shi a haske. Koren tsatsa, tsaguwa a wuyan kwanso, lotsawa, hular da ta ɗago sama da gindi, ƙwayar da ke motsi ko ta nutse fiye da ta ƴan'uwanta, duk dalilin ajiyewa ne. Kalli bakin kwanso ka ga an matse shi a jikin ƙwaya. Wannan matsin yana da muhimmanci a bututun ajiya, don shi ke hana sifirin da shuri tura ƙwaya ciki, abin da ke ɗaga matsin wuta idan an harba.

A marfin kwali akwai lambar zubi. Idan za ka sayi da yawa, nemi masu lamba ɗaya, kuma rubuta ta a littafi. Da ita ake gane kaya idan kamfani ya yi kiran a dawo da su.

9. Gwada a filin harbi

A gida harsasan gwaji kaɗai ake sawa don ganin yadda liba ke ɗorawa. Na gaske sai a fili. Wanke bututu, ka busar da shi daga mai, ka leƙa ka ga babu abin da ya toshe. Sa tabarau da abin toshe kunne.

Fara da guda ɗaya a yadi 25. Ɗauki kwanson ka duba: kumburi, tsaguwa, hular da ta baje ko ta huje, ko libar da ta yi tauri wajen buɗewa, duk suna cewa dakata. Idan lafiya, cika bututun ajiya ka ga ko suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Kaɗa liba da ƙarfi har ƙarshe. Rabin kaɗawa a hankali shi ke jawo yawancin sarƙewar da ake ɗora wa harsashi laifinta. Idan iri ɗaya ya ci gaba da cijewa, mai yiwuwa tsayinsa ko faɗin hancinsa ne bai yi wa bindigarka ba. Canza iri.

Sai ka koma yadi 100, ko 50 ga su .357. Ɗora katakon gaba a kan jakar yashi, kada ƙarfen bututu ya taɓa ta. Harba uku, ka jira bututu ya huce, ka sake uku. Bindigogi masu liba da yawa suna da zoben da ya ɗaure bututun harbi da na ajiya, kuma idan suka yi zafi sai harbin ya fara tafiya sama. Kowane iri a takardarsa, ka rubuta sunansa a jiki. Wanda ya taru cikin inci 2 zuwa 3 a yadi 100 ya isa farauta. Da shi za ka yi saitin ƙarshe, kuma da shi za ka shiga daji. Duk ranar da ka canza nauyi ko kamfani, saiti ya tashi, sai an sake.

Gargaɗi: idan ka ja kunama ka ji ƙas babu tashi, riƙe bakinta a kan abin hari daƙiƙa 30 aƙalla kafin ka buɗe. Idan kuma ta tashi da ƙaramar ƙara ko shuri mara ƙarfi, kada ka ɗora na biyu. Zazzage ta, ka zura sandar wanki ka tabbatar ƙwaya ba ta tsaya a bututu ba.

10. Ajiya

Bar harsasai a kwalinsu, a wuri busasshe mai sanyi, a kulle, daban da bindiga, inda yara ba sa kaiwa. Danshi da zafin cikin mota ne ke lalata su. Idan an kiyaye, suna yin shekaru masu yawa. Kada ka shafa musu mai, yana iya shiga ya kashe hula. Rubuta ranar saye a kwali ka fara da tsoho.

Kada ka haɗa lambobi biyu a aljihu ɗaya, musamman .30-30 da .32 Special, ko .44 Magnum da .45 Colt, waɗanda a duhun asuba yatsa ba ya bambance su. Harsashin da ya sha shiga da fita a bututun ajiya har hancinsa ya baje ko ƙwayarsa ta fara nutsewa, ware shi. Mai bajajjen hanci ya tafi atisaye, wanda ƙwayarsa ta nutse kuma a mayar wa dillali ko filin harbi su zubar yadda doka ta tsara. Idan tafiya ta kama ta jirgin sama, ƙa'idar kamfanonin jirage ita ce kilo 5 ga mutum ɗaya, a cikin kwali ko akwatin da aka yi don harsashi, a kayan da ake aunawa, tare da izinin ƙasar da za ka da amincewar kamfanin jirgin tun kafin ranar tashi.